Takardar da Aka Manna wa Jirgin Baba

Bana ruwa ya ƙi sauka. Kullum da la'asar hadari zai haɗo ta gabas, ya yi baƙi, ya tsaya a kan Kankia kamar da gaske yake, sai iska ta zo ta kwashe shi. Mutane su koma su zauna. Shekaranjiya ina dawowa daga kasuwa cikin wannan zafi, na bi ta gindin ceɗiya inda mai gyaran keke yake zama, ya buɗe gwangwanin sholisho zai yi faci. Warin ya doke ni. Ban tsaya ba, amma har na iso gida yana cikin hancina, shi da bazarar da nake shekara goma sha ɗaya.

Ba ni da haƙurin dogon labari. Zan faɗa yadda ya faru, shi ke nan.

Ƙauyenmu a ƙasar Kusada yake, ba nisa da Mawashi. Akwai gulbi a bayan gari. Yanzu an yi masa gada, motar gyaɗa na wucewa ba ta ma san da shi ba. A da wata tara yashi ne, jakuna na bi ta ciki. In damina ta yi ƙarfi sai ya cika ya tumbatsa, wanda ke wancan ƙetare ya zauna can, sai in ubana ya ɗauko shi. Barau mai fito ake ce masa. Jirginsa kwale-kwale ne na itacen maɗaci, kakana ya sayo daga yamma, shanu suka jawo shi. Duk yankin babu wani. Da rani ana kife shi a gindin tsamiya bayan gidanmu, a ɗora kan duwatsu saboda gara.

Daminar da ta wuce ba ta yi ba. Ruwa ya ɗauke a lokacin da gero ke da ciki. Kafin bazara rumbunmu ya zama ɗakin kaji, kajin ma aka sayar. Iri kawai ya rage, a tukunya, an liƙe bakinta da laka, ba mai kallon wajenta. Sau ɗaya ake ci a gidanmu, da la'asar: dusa, ko garin ɗorawa a dama da ruwa, ko yaɗiya in an samo. Yunwa ba ta ciwo kullum kamar yadda masu ƙoshi ke zato. Kwanakin farko ne take ciwo. Bayan nan sai mutum ya zama kamar yana cikin ruwa, ana yi masa magana yana ji daga nesa.

Ga kuma yaƙin Turawa. Ba mu ga yaƙi ba, diba muka gani. Ana ɗibar maza a kai su haƙar kuza can ƙasar Jos. A shekarar nan kalma ɗaya ce ke tsayar da daka a turmi: rubutawa. In aka ce an rubuta wane, an gama magana, matarsa ta fara neman abin guzuri. Mu kuwa ba mu da namiji sai Baba. Ni ce babba, sai ƙannena biyu mata. In aka ɗauke shi kafin noma, gonar ta tafi, mu ma mun bi ta.

Ranar da abin ya zo Baba na gona yana ƙona kara. Rana ta take, ko ƙadangare ba ya motsi. Ina zaune a inuwar jirgin ina fasa aduwa sai ga mutum a kan keke, da gajeren wando da jaka, gumi ya jiƙa masa baya.

"Ke, nan ne gidan mai fito?"

Na ce nan ne.

"Wannan ne jirgin?"

Na ce ai yana gani.

Ya dube ni. Ya roƙi ruwa, na kawo, ya shanye. Ya zaro takarda kamar tafin hannu biyu, ya fito da gwangwani, ya shafa wa jikin jirgin danko wajen goshi, ya manna, ya danne da gwiwar hannu. Ya sake shafe bisanta da dankon don kada ruwa ya ci ta. Irin na facin tayar keke ne, warinsa na hawa ka. Ya goge yatsunsa a ƙasa, ya hau keke.

"Ki gaya mashi an rubuta shi. Kada kowa ya taɓa wannan."

Inna ta ji daga bayan zana. Na ji taɓarya ta tsaya. Kafin ta yafa zane ta fito, mutumin ya kai bakin gulbi yana tura keke cikin yashi.

Kafin magariba Baba ya dawo. Ya tsaya gaban takardar da sungumi a kafaɗa, ya daɗe. Akwai hoton hular sarauta a sama, da rubutu layi-layi, da lamba babba a ƙasa. Yau da na iya karatu na sha rufe ido in nemo ko harafi guda daga cikinta. Hular kawai ke zuwa.

An kira Liman. Ya karkata kai nan, ya karkata can, ya ce ba rubutunmu ba ne. Mutum ɗaya ke karanta boko a garin, malamin mai gari, shi ne kuma mai miƙa wa masu diba sunaye. Ba wanda zai kai kansa wurinsa ya ce a duba ko an rubuta ni.

Gwaggo Tasalla, yayar Baba, ita ta yanke. Bazawara ce, gidanta na jikin namu, bakinta ba ya hutawa.

"Kai Barau, ka tsaya kana kallonta kamar za ta gaishe ka."

"Yaya, mi zan yi?"

"Ka cire ta mana. In sun zo ba takarda, wa zai ce an rubuta? Ita ce shaidarsu."

"Babba ya taɓa kayan Gwamna, gidan yari ke nan."

"Wa ya ce babba? Ga wannan mai ɗan banzan hannu, da ba ta barin gyambonta ya yi ɓawo." Ta nuna ni da haɓa. "In an tambaya a ce yarinya ce, wasa take."

Baba ba ya kiran sunana, don sunan tsohuwarsa gare ni. Ya ce, "Uwata, kin iya?"

Na ce mi ke cikin cire takarda.

Da safe na sa farce. Fatar sama ta taso siri-siri, ta bar wani farin gashi a manne. Na zuba ruwa, ruwan ya gangara kamar a jikin agwagwa. Na tafasa wani na kwara, gashin ya tafi, dankon ya zauna, rawaya, mai sheƙi, kusurwa huɗu cif. Na kawo tsingaro na kankara. Ya kama tsingaron, ya kama yatsana, ya kama gefen zanena. Na gwada toka. Na gwada ruwan tsamiya. Kwana uku ina abu ɗaya, kamar ina shafa masa baya.

Ana nan ruwan fari ya sauka da hantsi, ba wanda ya zata. Ƙasa ta yi wannan ƙamshi da ke sa mai yunwa ya so ya ci ta, ƙanwata ma ta ci. Inna ta fasa lakar bakin tukunya. Muka fita gaba ɗaya, Baba na gaba yana sara da sungumi, mu muna bi muna zuba iri muna rufewa da dunduniya. Inna ta ce duk wadda ta kai ƙwaya guda baki za ta gani. Na kai uku. Ta gani, ta ci gaba da zuba iri. Kwana biyu muka gama, gero da dawa.

Sai ruwan ya ɗauke. Shuka ta fito kamar allura, ta tsaya, bakinta ya fara naɗewa. Kullum Baba zai je ya duba ya dawo, ya zagaya bayan gida ya duba nawa aikin. Labari na zuwa an yi diba a Dudunni, an yi a garin Boko, saura mu.

Raina ya ɓaci, na yi wauta. Na ɗebo garwashi a kasko na kara kusa da dankon, wai ya narke ya zube. Ya narke ɗin. Bai zube ba, yaɗuwa ya yi, iska ta kawo yashi ya manne, wurin ya koma baƙi ya fi da girma.

Gwaggo ta leƙo ta kan danga. "Sannu, gwana. Da makaho ne kawai ba zai gani ba, yanzu shi ma zai ji da hannu."

"To ki zo ki yi."

"Ji bakinta. Ni da na yi, da ke da ubanki kuna kai mani tuwo gidan yari, in akwai tuwon." Ta zagayo, ta tsuguna, ta taɓa, ta sunsuna yatsa. "Wannan sai mai. Ɗiyar Hanne da ta sa kai cikin ƙaro, da man gyaɗa aka fidda."

Inna na tsaye da ƙaramar a baya. Kowa ya san akwai mai a ɗakinta, ɗan tandu guda, ta ɓoye tun kaka. Ran Juma'a kawai take ɗiga shi a kan ganye don yara su iya haɗiyewa. Ƙuli-ƙuli ya ƙare tun tuni.

"Yaya, na bakin yara ne."

"In aka tahi da ubansu ki ga abin da za ki ɗiga shi a kai."

Inna ta shiga ɗaki. Ta daɗe har na zaci ta ƙi. Ta fito da shi a ludayi, bai kai rabi ba, tana riƙe da hannu biyu. Ƙannena suka biyo ta, suka tsuguna suna kallon ludayin.

Man ya yi aiki. Na shafa da tsumma, na bari ya sha rana, na murza da babban yatsa, sai dankon ya riƙa naɗewa yana faɗowa kamar tana. Ban ji daɗi ba, ban ji komai ba. Ina murzawa ina lasar yatsa, mai da ɗacin roba. Ƙanwata ta tsotsi tsumman, Inna ta ƙwace, ta sake ba ta. Kwana uku, ludayi uku, tandu ya ƙare, danko ya ƙare.

Sai muka ja baya muka duba. Takardar na nan. Ba ita ba, inuwarta. Jikin jirgin duk ya yi toka-toka da shekaru, wurin da na kankare kuwa ja ne, sabo, ya sha mai yana ƙyalli, ga kusurwoyinsa huɗu. Daga bakin hanya ana hango shi.

Inna ta kalli wurin, ta kalli tandun, ta koma ciki.

Wani zai bar shi haka ya ce ya yi iya yinsa. Ni ba na iya barin abu rabi, ba kuma kirki ba ne, haushi ne. Na ga tun da ba zan iya mayar da wurin tsoho ba, sai in mayar da sauran sabo. Na ɗebo yashin gulbi da totuwa, na fara daga goshin jirgin. Na samo ganyen baure mai kaushi na bi baya. Gefe guda kaf, tsawon mutum uku. Da safe kafin rana ta yi zafi, da la'asar bayan an ci abin da aka ci. Fatar yatsuna ta saɓule. Sau biyu ina tashi tsaye duhu ya rufe ni, na farka a ƙasa da yashi a baki, na ci gaba daga inda na tsaya. Kwana shida. Da gefen ya zama ja bai ɗaya, na kankaro kunkunniya daga rufin madafa, na cuɗa da kashin shanu da laka, na shafe shi duka, har ɗaya gefen. Ya bushe, na goge da ƙaiƙayi, na sake.

Baba ya zo ya tsaya. Ya bi jikin da ido daga goshi zuwa gindi. Ya sa hannu a wani wuri, ya dube ni. Na girgiza kai. Ya matsa gaba, na sake girgizawa. Ya gyaɗa kai ya tafi alwala.

Ruwa ya dawo bayan kwana goma sha wani abu. Wannan karon da gaske, kwana da wuni. Abin da ya rayu na shuka ya miƙe, aka yi ƙari inda ya mutu, ciyawa ta taso ta fi shukar sauri. Tafasa ta fito a bakin hanya, muka samu abin dafawa, ko ba mai. Baba ya wasa garma ya shiga noman farko. Ya yi kwana biyu a ciki, daga gefen tudu, sai aka yi shela duk namiji mai ƙarfi ya hallara ƙofar mai gari.

Mata suka tsaya nesa. Ni yarinya ce, na kutsa har gindin bango. Malamin diba da aka aiko ba wani dodo ba ne. Saurayi ne siriri daga Katsina, mura na damunsa, yana zaune kan kujerar da aka aro, da littafi a cinya da ɗan doka a bayansa. Ana kiran mutum, ya dube shi, ya ce dama ko hagu. Da aka zo kan Baba, mai gari ya ce, "Wannan Barau ne, mai fitonmu."

Malamin ya ɗago. "Mai fito? To kai ai ba ka ciki. An ce a bar masu fito, don gyaɗa da wasiƙu su riƙa ƙetarewa. An aiko an rubuta ku daban, an manna maku takarda a jirgi. Ba a zo nan ba?"

Baba ya dubi mai gari.

"An zo ko ba a zo ba?"

"An zo, ranka ya daɗe."

"To mu je in kwafi lambar, ka koma gonarka."

Daga ƙofar mai gari zuwa gindin tsamiyarmu ba nisa. Baba na gaba, ban taɓa ganin ya yi tafiya a hankali haka ba. Malamin na bi yana tsallake taɓo, sai ɗan doka, sai ni. Gwaggo da Inna suka fito suka tsaya bakin danga.

Malamin ya zagaya jirgin sau ɗaya. Ya sake zagayawa.

"Ina take?"

An riga an koya mani abin da zan ce, sai bakina ya faɗa da kansa. "Ni na cire. Wasa nike."

Ya dube ni, ya dubi hannuwana, ya dubi jikin jirgin. "Wasa. Wannan ba wasa ba ne, yarinya, aiki ne." Ya fyace hanci. "Guntunta fa? Ko inda lambar take?"

Guntayen tun ranar farko Inna ta zuba su a murhu.

Gwaggo ta matso. Muryarta ta zama ƙarama, ban san tana da irinta ba. "Ranka ya daɗe, ga jirgi, ga gulbi, ga mai gari shaida. Ba ƙarya muke ba."

"Iya, ni ban ce ƙarya kuke ba. Jiya a wani gari mutum uku suka nuna mani komin dawaki suka ce jirgi ne. Bature lamba zai tambaye ni." Sai ya naɗe rigarsa ya tsuguna cikin laka. "To ku nuna mani alama. Dankon nan na san shi, ba ya fita. Ko tabonshi na gani, zan rubuta na gani da idona, in ɗauki abin da zai biyo."

Baba ya sa hannu a wani wuri. Ba nan ba ne. Na ture hannunsa na nuna wurin, taƙi biyu daga goshi, ƙarƙashin wani ɗan kulli na itacen. Malamin ya shafa. Ya kara hanci ya sunsuna, ya ce mura ta hana shi, ya sa ɗan doka ya sunsuna. Ɗan doka ya ce kashin shanu. Na sa farce na kankare baƙin, jan itace ya fito. Malamin ya matsa kamu uku gefe ya kankara da wuƙar fiƙe fensir, jan itace ya fito, iri ɗaya. Ya je can gindi ya kankara. Iri ɗaya.

Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa.

"Zan rubuta wa ofis a binciko lambar. In amsa ta zo a maido shi. Amma gobe da safe za a tashi."

Ba wanda ya dake ni. Na jira, har na tsaya kusa da Inna don ta samu sauƙin kaiwa, ba ta ɗaga hannu ba. Ta shiga ta dama garin ɗorawa da ya rage ta shanya don guzuri. Gwaggo ta tafi gidanta ta sa ƙyaure, kwana biyu ba a ji ta ba.

Da safe Baba ya rataya buta da tabarma. Ya ce wa Inna a bar tudu, a koma gefen fadama, can ciyawa ta fi cin shuka. Ya ce garmarsa ta yi mana nauyi, a ari hauya wurin Liman. Ya ce a riƙa duba ƙarƙashin jirgin saboda gara. Ni ya ce mani in sa man kaɗe a yatsuna in an samu. Ya shiga layi.

Amsar ofis ba ta zo ba. Mu uku muka yi noman, ni da Inna da Gwaggo, muka ci kashi ɗaya cikin uku, sauran ciyawa ta gada. Gulbi ya kawo bayan mako guda. Muna duƙe a gona muna jin mutane a wancan ƙetare suna kiran mai fito, su kira su kira su gaji. Da gero ya fara ƙosawa muka gasa tumu, ƙaramar ta ci har ta yi amai. Abin da muka girbe bai kai mu tsakiyar rani ba, amma ba wanda ya mutu a gidanmu a shekarar.

An ce wata huɗu, ya yi biyar da wani abu. Ya dawo bayan an gama kaka, a kan jakin wani, da tari, ƙafafunsa sun kumbura. Bai sake riƙe sandar fito ba. Maganar takarda bai taɓa tayar da ita ba, ni ma ban tayar ba, Gwaggo ma.

Bai yi wata biyu da dawowa ba aka aiko daga Kankia ana son yarinya guda daga garinmu don makarantar boko. Gari ya ruɗe. Wasu suka tura 'ya'yansu ruga wurin Fulani, wata ta ɓoye tata a rumbu, ai rumbunan da wuri. Baba ya ce in ɗauko zanena mai kyau. Ya dafa kafaɗata, muka taka har ƙofar mai gari, yana tsayawa yana tari. Inna na biye tana ce masa Malam, Malam, bai waiga ba.

Ya ce wa mai gari, "Ga uwata na kawo. A daina neman ɗiyan mutane."

Mai gari ya ce, "Barau, ka yi shawara? Ita ce babbarka."

"Na yi."

Damina biyu ya ƙara a duniya. Na zo hutu sau uku na same shi a zaure, na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi abincin makaranta. Har ya rasu ban tambaye shi ba ko kyauta ya yi mani ko kora.